Wai da wane yaren kodin za a fara ne?

Tambayar nan ba ta tsufa wallahi. Duk sanda muka ɗauki sabon aji a ɗan wurin da nake koyar da kwamfuta, ko aka saka sababbin mutane a guruf ɗinmu na WhatsApp, sai wani ya jefo ta, Malam wane yare ne ya fi? Kafin ma in ga saƙon wasu sun riga ni amsawa, wannan ya ce Python, wancan ya ce ai duk wanda bai fara da C ba bai iya komai ba, wani kuma ya turo bidiyon YouTube da ake cewa PHP ya mutu an binne shi, to daga nan fa musu ya ɓarke har tsakar dare, shi kuwa bawan Allahn da ya yi tambayar tuni ya yi tsit, ya ƙara rikicewa fiye da yadda ya zo. Shi ya sa na ce bari dai in rubuta nawa ra'ayin a wuri ɗaya, in an sake tambaya in turo mutum nan in huta.

Ni da Python nake fara wa ɗalibaina. Amma ba wai don ya fi kowane yare ba ne, a'a. Abin da na lura shi ne tambaya biyu mutane suke cusawa cikin ɗaya. Akwai yaren da za a koya wa mutum tunani da shi, wato yadda zai ɗauki matsala ya farfasa ta gunduwa-gunduwa har kwamfuta ta gane me yake so, akwai kuma yaren da zai nemi abinci da shi in ya fita. Wani lokaci su kan zo ɗaya, sau da yawa kuma ba sa zuwa ɗaya. Duk musun guruf daga nan yake tasowa, wannan yana maganar aji wancan yana maganar kasuwa, kowa kuma gani yake ɗan uwansa bai san me yake faɗa ba.

Su kansu waɗanda suka ƙirƙiro abin ba su taɓa zama a matsaya ɗaya ba fa. Wani farfesa ɗan Suwizalan mai suna Niklaus Wirth ya fito da Pascal a 1970 musamman saboda koyarwa, kuma ya yi zamani sosai, tsofaffin malamanmu na jami'a da yawa da shi da FORTRAN suka tashi. A Amurka akwai jarrabawar kwamfuta ta 'yan sakandare da suke kira AP, da Pascal aka faro ta, a 1999 aka koma C++, ba a daɗe ba a 2004 aka sake komawa Java. Ita kuwa jami'ar MIT shekara da shekaru da wani yare Scheme take tarbar sababbin ɗalibai, wanda in ka ga rubutunsa baka biyu ne birjik sun cika allo, daga baya ta ajiye shi ta ɗauki Python, tsofaffin ɗalibai suka yi ta mita. A 2014 wani malami Philip Guo ya duba manyan sassan kimiyyar kwamfuta na Amurka, ya tarar takwas cikin goman da suke sama suna koyar da Python a darussan 'yan farko. Amma ga Harvard can, darasinsu na CS50 da David Malan yake koyarwa, wanda kowa zai iya kalla kyauta a intanet, da Scratch suke buɗewa, sai su jefa ka cikin C na wasu makonni ka sha wuya, sannan su kawo Python ka ji daɗinsa, sai SQL, yaren ajiye bayanai da ciro su, da abubuwan shafin intanet. Duk manyan makarantu ne, kowacce da hujjarta. Don haka in wani ya zo yana buga ƙirji wai amsa ɗaya ce tak, ka san dai ra'ayinsa ne ko na wanda ya koyar da shi.

Mu kuma nan gida har yanzu in ka buɗe littafin kwamfuta na sakandare BASIC za ka gani, layi na 10 PRINT, layi na 20 GOTO, layi na 30 END. Matasa su kan yi dariya, ni kuwa ba na yi sosai. BASIC ɗin nan a kwalejin Dartmouth aka yi shi a 1964, John Kemeny da Thomas Kurtz, kuma manufarsu mai kyau ce, so suke ɗalibin da ba lissafi yake karanta ba shi ma ya zauna ya buga abu ya ga amsa nan take. Gaskiya ne masanin kwamfuta Edsger Dijkstra ya caccake shi a 1975, har yana cewa wanda ya fara da BASIC da wuya a ƙara iya koya masa kodin mai kyau, amma ni a ganina matsalarmu ba sunan yaren ba ce. Matsalar ita ce da alli ake rubuta shi a allo, yara su kwafa a littafi su haddace, a gama shekara uku ba su taɓa ganin kwamfuta ta ce musu sun yi kuskure ba. Akwai wani yaro da ya zo mana daga wata jami'a, yana aji uku, ya ci kwas ɗin Java da maki mai kyau, a takarda suka rubuta kod ɗin a jarrabawa, ana rage maki in ka manta waƙafi mai ruwa a ƙarshen layi, amma da na ce ya buɗe fayil ya rubuta abin da zai tara lambobi biyar ya fitar da jimla sai ya zauna yana kallon allo. Ba daƙiƙi ba ne wlh, yanzu ma yana cikin waɗanda nake alfahari da su. In da Python aka koyar da shi ta wannan hanyar haka zai fito.

To me ya sa Python? Dalilina na farko ba shi da alaƙa da kyawun yare ko muninsa, na'urar da ke hannun ɗalibi ce. Yawancin masu zuwa wurina ko dai laftof ce ta hannu da aka saya a Titin Beirut na Kano, RAM ɗinta giga 4, batirinta ba ya kai awa ɗaya in an ɗauke wuta, ko kuma waya ce kawai ba laftof ɗin ma. Yaro ya zo da zumuɗi zai yi manhajar Android, to Android Studio da ake yin ta da shi, shi kaɗai giga 8 na RAM yake nema mafi ƙaranci, ga Gradle mai harhaɗa manhajar da zai zauna yana sauke kaya yana cinye data, kafin ya gama Nefa sun ɗauke, laftof ta mutu, gobe a sake daga farko. Mako guda ya wuce bai rubuta layi ɗaya ba, ya fara tunanin ko shi ne ba shi da ƙwaƙwalwar abin. Swift kuwa na Apple ba a ma maganarsa, don ba ka yin manhajar iPhone yadda ya kamata sai da Mac, nawa ne Mac yanzu? Python kuwa yana tashi a kan kowace tsohuwar kwamfuta, in ma waya ce akwai Pydroid 3 a Play Store, a sauke sau ɗaya, sauran aiki ko babu data ana yi.

Koyo a waya akwai nasa ciwon kai, kada in yi kamar babu. Akwai wata ɗaliba da ta rubuta print("Sannu da zuwa") ta danna, jan saƙon kuskure ya fito, ta goge ta sake, ja ya sake fitowa, ta miƙo min wayar ranta a ɓace ta ce Malam ni fa daidai na rubuta. Da na duba sai na ga kibod ɗin wayar ne yake mayar mata da harafin farko babba, Print maimakon print, shi kuwa Python bai san wani Print ba. Muka shiga saitin muka kashe gyaran rubutu na kai tsaye, ta sake dannawa, Sannu da zuwa ya fito a baƙin allo, ta yi wata 'yar ƙara sai da duk aji suka waiwayo. Kafin a tashi ta sa wayar tana tambayar sunan mutum tana gaishe shi, ta bi kowa a ajin sai ya gwada. Wannan abin nake nema a ranar farko, ba a mako na uku ba.

Ka kwatanta da yadda muka koyi Java. Kafin ka gaisar da mutum sai ka rubuta public class, sannan public static void main, String args, sannan System.out.println, ga baka mai lanƙwasa a buɗe a rufe. Ɗalibi mai kaifin kai dole ya ɗaga hannu, Malam mene ne static? Ka ce bari sai gaba. Void fa? Shi ma sai gaba. Tun ranar farko ka koya masa kwafar abin da bai gane ba, kuma wannan ɗabi'ar ita ce nake yaƙi da ita. Na san sababbin fitowar Java sun rage wannan dogon sharhin, amma littattafan da ke hannun yara da bidiyoyin da suke kalla yawanci tsohon salon ne. Python kuwa, wanda Guido van Rossum ɗan Holan ya fitar a 1991, kalmominsa na asali 35 ne kacal, irin su if, else, for, while, in, kuma in ka karanta kod ɗin a fili kusan magana ce. Ni da Hausa nake bayani a aji, in kaza ya faru yi kaza, in ba haka ba yi kaza, ci gaba da maimaitawa muddin kaza, kuma yana zama daram. Inda Turanci yake kama yara shi ne wajen karanta saƙon kuskure, don haka na kan ware darasi guda sukutum muna lalata kod da gangan muna karanta abin da kwamfuta ta ce.

Abokin aikina, wanda injiniyan lantarki ya karanta, har gobe bai yarda da ni ba, kuma maganarsa akwai ƙamshin gaskiya. Cewa yake Python yana ɓoye wa yaro abubuwa da yawa, bai san ina lamba take zama a ƙwaƙwalwar kwamfuta ba, bai san bambancin lamba da rubutu ba sai abu ya fashe, ga shi da rashin sauri in aka gwada shi da C. Duk haka ne. Shi kansa Python ɗin da muke saukewa da C aka rubuta shi, haka ma zuciyar Linux, tsarin nan mai tafiyar da kwamfuta irin su Windows, kuma C ɗin nan tun 1972 Dennis Ritchie ya yi shi a Bell Labs har yau yana nan. Wanda zai yi digirin kimiyyar kwamfuta, ko mai son haɗa Arduino, ɗan ƙaramin allon lantarki da ake ba umarni, da famfon ban ruwa ko na'urar auna batirin sola, ba shi da mafita sai ya shiga C da C++. Abin da muka saɓa a kai lokaci ne kawai. Shi yana so a fara da wuyar, ni kuma na ga yadda aji yake raguwa in aka kai darasin fointa, wato adireshin inda abu yake zama a ƙwaƙwalwar kwamfuta, tun mutane ba su taɓa gina wani abu da suka ji daɗinsa ba, kuma mu ba jami'a ba ce da za mu riƙe mutum da tsoron kari-oba, ranar da ya gaji ya daina zuwa shi ke nan.

Sai maganar kasuwa. Wani Alhaji ya kawo ɗansa rajista, yana zama ya ce min, Malam ni dai a koya masa wanda ake samun dala da shi. Na ce Allah ya ja zamanin Alhaji, dalar tana nan amma ba a yaren take ba, bari ya fara iya yin abin da wani zai biya ko da naira ce. Ya yi dariya ya ce to ku kuka sani. Gaskiyar magana in ka duba aikin da ake kawo wa matasa a nan, shafin duba sakamako na makarantu masu zaman kansu ne, lissafin kaya na kemis ko babban kanti, shafin wata ƙungiya ko kamfanin aikin hajji da umara, rajistar marasa lafiya a ƙaramin asibiti. Kaso mai yawa na irin wannan da PHP da rumbun bayanai na MySQL ake yi, saboda masaukin shafi mai araha da shi yake zuwa a shirye, ka loda fayilolinka ta cPanel, wurin sarrafa masaukin, shafi ya tashi. PHP ɗin da ake cewa ya mutu, tun 1995 Rasmus Lerdorf ya fito da shi, kuma WordPress, manhajar haɗa shafi da aka gina da shi, yana ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet na duniya, ga Laravel, wani tsarin rubuta PHP, tun 2011 ya gyara wa yaren fasali sosai. Na san yara da dama da kuɗin farko da suka taɓa samu a kodin daga WordPress ne, alhali a guruf su ne kan gaba wajen zagin PHP.

Wannan zancen na wane yare ya mutu ma ni ya daina burge ni. COBOL tun 1959 yake, amma a Afrilun 2020 lokacin korona sai da gwamnan jihar New Jersey a Amurka ya fito fili yana neman waɗanda suka iya shi, saboda tsarin biyan marasa aikin yi a kansa yake kuma ya kasa ɗaukar cunkoso. Bankuna da manyan kamfanoni cike suke da Java da C#, ba kuma za su rushe su gobe ba don wani ya yi bidiyo.

JavaScript kuwa ba a tsallake shi, ko kana so ko ba ka so. Brendan Eich ya haɗa shi cikin kwana goma a kamfanin Netscape a 1995, kuma wasu halayensa in ka gani za ka yarda a gurguje aka yi shi, ka haɗa "5" da 1 ya ba ka 51, ka cire 1 daga "5" ya ba ka 4. Amma shi ne yaren da kowace burauza take ji, kuma mai neman aikin nesa da kamfanonin Legas ko na waje, yawancin tallan aikin da zai gani React ne da TypeScript da Node, duk dangin JavaScript. Tun da Andela mai horar da masu kodin ta fara a Legas a 2014, aka kuma ji Stripe ta Amurka ta sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Najeriya, a 2020 kan sama da dala miliyan 200, idon matasa ya buɗe a kan wannan hanyar, kuma ba laifi. Mai son manhajar waya kuma yanzu ga Flutter da Dart, ga Kotlin da Google ta fifita a Android tun 2019. Duk waɗannan na biyu ne a wurina, bayan mutum ya tsaya da ƙafarsa.

Wanda aka fi wulaƙantawa kuma aka fi buƙata shi ne SQL. Ba wanda yake zuwa ya ce Malam SQL nake so, amma duk aikin da na lissafa a sama bayanai ne ake ajiyewa ake cirowa, wanda bai iya tsara tebur ba ko da wane yare ya rubuta manhajarsa sai ta ruɗe ranar da ɗalibai biyu masu suna ɗaya suka shiga aji ɗaya, kuma mu nan Muhammad Sani da Aisha Abubakar ba sa ƙirguwa. Ga kuma wata matsala tamu ta Hausawa, haruffa masu lanƙwasa. An taɓa nuna min katin sakamako da aka buga, duk inda Ɗahiru yake ya koma ?ahiru, Ƙasimu ya koma ?asimu, iyaye suna ta faɗa. Ba laifin PHP ba ne, rumbun bayanan ne aka bari a kan tsarin haruffa na latin1 maimakon utf8mb4 da ya san haruffanmu. Gyaran bai fi layi biyu ba in tun farko aka sani, amma ba za ka ji shi a bidiyon wanda yarensa ba shi da ɗ da ƙ da ɓ ba. Python 3 tun fitowarsa a 2008 rubutu a Unicode yake ɗaukarsa, tsarin da ya ƙunshi har da haruffanmu, wannan ma yana cikin abin da ya sa nake sakewa da shi, kuma masu aikin koya wa kwamfuta harsunan Afirka irin su Masakhane da HausaNLP galibin kayan aikinsu na Python ne.

Babbar cutar da nake gani dai ba zaɓen yare mara kyau ba ce, tsalle-tsalle ne. Wata biyu a Python, sai a ji ana yabon Go a koma can, sai a ji yaren Rust ya shiga zuciyar Linux a 2022 a ce ai shi ne gaba, sai Flutter, ka duba takardar neman aikin mutum yare tara ya jera amma ba abu ɗaya da ya gama wanda za ka buɗe ka gani. Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya. Kwasa-kwasan kyauta sun yi yawa yanzu, ga na 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, ga na intanet ba iyaka, alheri ne, amma wasu sun mai da tara satifiket sana'a. Ni sharaɗina a aji shi ne ba ka taɓa yare na biyu sai ka gama wani abu da wani mutum daban yake amfani da shi, ko da littafin bashin shagon babanka ne ko lissafin adashen mamarka. Wanda ya yi wannan a Python, in ya koma PHP ko JavaScript cikin 'yan makonni yake kama hanya, don if ɗin nan dai shi ne, maimaitawar ita ce, sai dai a canza inda ake sa baka da aya.

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 kuma wani sabon salo ya shigo, a ba da aikin gida a kawo maka kod tsaf-tsaf har da sharhi da Turancin da mai shi bai iya karantawa ba. Ban hana amfani da shi ba, ni ma ina yi, amma sai ka tsaya gaban aji ka yi mana bayanin kowane layi da Hausa, in na canza lamba ɗaya ka faɗi me zai fito kafin a danna. A nan ma yaren da yake da sauƙin karantawa ya fi taimako, tunda yanzu karatun kod da gano inda ya karkace ya kusa fin rubuta shi yawa.

Malamai 'yan uwana kuma, in PHP ka iya da gaske, ka yi aiki da shi, ka san inda yake ciwo, to koyar da PHP ɗinka, ya fi ka kalli bidiyon Python da daddare ka zo da safe kana karanta wa yara. Ɗalibi yana gane malamin da yake tsoron saƙon kuskure.

Abin da har yanzu nake juyawa a raina shi ne ajin yara ƙanana na hutu. Su da Scratch muke farawa, wanda MIT ta fitar a 2007, ja da ajiye tubala ne ba rubutu, suna kuma sonsa sosai, amma daga Scratch ɗin ina za a nufa? Abokin aikina, wannan karon ya sauka daga kan C, yana cewa a kai su HTML da JavaScript saboda yaro zai yi shafi mai launi da hotonsa ya nuna a wayar gida kowa ya gani, baƙin allon Python ba ya burge ɗan shekara goma sha biyu. Na ce to, hutun nan mai zuwa a raba ajin biyu, shi ya ɗauki rabi ni in ɗauki rabi, janareta dai ɗaya ne kuma kuɗin mai a raba daidai.